Lahadin Zuba Dekin

Masu turo min saƙo cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, na gani, na gode. Amma kafin ku sake yi min wa'azi, ku karanta abin da ya faru ranar Lahadin nan. Ina rubutun nan da ɗinki huɗu a girata ta hagu, in na ja numfashi da ƙarfi kuma haƙarƙarina ya amsa.

Ga wanda yau ya fara bina: sunana Dubraska, haifaffiyar birnin Maracaibo, baƙuwa ce ni a ƙasar nan. Injiniyar gine-gine ce ni, kuma ba da kame-kame na gama ba. Amma shekara bakwai ke nan ina birnin Cuenca na ƙasar Ekwado ina sayar da tayal da kan famfo a shagon wani, saboda takardar karatuna ba ta gama samun rajista a Ekwado ba. Na yi tsayuwar shago har jijiyoyin ƙafata suka fito. Bara na sayi gida da gumina, da sunana, a tsohuwar unguwa: ɗaki biyu, kicin, tsakar gida mai dutse, bangon ƙasa mai kaurin kamu biyu, rufin jan tayal a kan azara. Ƙofarsa koriya ce, tana kuka in an buɗe ta. Na so shi kamar mutum.

Ranar da aka ba ni takardu, lauyan ya sauke tabarau ya ce min, "Fentin ciki naki ne. Famfo naki ne. Shuka abin da kika ga dama a tsakar gida. Amma bango da rufi da fuskar gida, sai da izinin hukumar gari, sai kuma mai zanen gini mai rajista ya sa hannu. In aka taɓa babu izini, rufe gidan za a yi, kuma mai suna a takarda shi zai amsa."

Na ce na ji. Na ji ɗin kuwa. Waɗanda ba su ji ba su ne waɗanda na ɗauko daga gida bayan wata uku: mahaifiyata Mami, da yayana Eudomar.

Eudomar magini ne, hannunsa kamar faifan shebur. Matarsa da 'ya'yansa biyu suna can Maracaibo suna jiran a samu ɗaki. Shi kuwa a kicin yake kwana, a kan katifar da ake jinginewa da safe. Ban ce ba shi da dalili ba. A wurinmu in iyali sun yi yawa, sama ake hawa. A sayi siminti da rodi, a kira abokai ranar Lahadi, a ɗora tukunyar miya a kan itace, a sanyaya giya, kafin la'asar an zuba dekin. Haka Baba ya yi mana hawa uku, babu wanda ya taɓa tambayarsa takarda. To amma gidan Baba na bulo ne. Nawa ƙasa ce da ciyawa, kuma bangonsa na gabas ba nawa ba ne ni kaɗai. Ɗaya gefen ɗakin kwanan Doña Targelia ne, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya, wadda take ba ni gurasa mai zafi ta taga tana zagin kiɗanmu.

Na yi wa Eudomar bayani da baki. Na yi masa da biro. Ya dubi lissafin ya ce, "Injiniyar tayal, a wane gini kika taɓa ɗaukar kwano?"

Da suka ga ba za su samu kaina ba, sai suka juya kan Efraín.

Efraín mai zanen gini ne, ɗan gari, mai rajista. A shago muka haɗu, ya zo sayen tayal, ya yi kuskuren awo na gyara masa a gaban yaran aikinsa. Maimakon ya ji haushi sai ya dawo washegari da kofi biyu. Shi ma Injiniya yake ce min, amma a bakinsa ba zagi ba ne. Wata takwas yana nemana, ni kuma ina ja masa aji, don ba na so a ce baƙuwa ta maƙale wa ɗan gari saboda takarda.

Ranar Asabar da safe saƙonsa ya shigo.

"Mamanki ta gayyace ni abincin rana. In zo, ko tarko ne?"

"Tarko ne. Ka zo da yunwa, ka bar biro a gida."

"Biro a jikina yake kwana, Injiniya."

Mami ta shimfiɗa min jar rigata a kan gado, wadda wuyanta ya sauka, da dogayen 'yan kunne.

Na ce, "Mami, abinci zai zo ci, ba ni ba."

"Rufe min baki. Namiji in cikinsa ya ƙoshi, idonsa ya ƙoshi, hannunsa ba ya nauyi."

"Ba zan sayar da kaina a kan sa hannu ba."

"Wa ya ce ki sayar? Murmushi na ce ki yi. Shekara talatin saura ɗaya, fuska kullum kamar an aiko miki da sammaci."

Na sa baƙin wando da rigar sanyi ruwan toka, na ɗaure gashina baya. Ta bi ni da harara har kicin.

Ya zo ƙarfe ɗaya daidai, da kwat ɗinsa ta ulu da takalmi a goge, ya kawo wa Mami kwalin alewar madara. An soya ɗanyar ayaba an danne ta faɗi-faɗi, an zuba nama da cuku a tsakani. Ya ci biyu, ya yaba, Mami ta ƙara masa na uku. Sai Eudomar ya ture faranti ya shimfiɗa takardar buhun siminti a kan tebur. Ya zana ɗaki biyu a sama da matakala.

"Suruki," in ji shi, "nan kawai za ka sa hannu. Aikin ni zan yi, ba sai ka ɓata takalminka ba."

Efraín ya duba zanen da kyau, bai yi dariya ba. Ya tashi ya je bangon gabas ya ɗora tafin hannunsa a kai.

"Zanenka ba shi da laifi, maigida Eudomar, in da a kan bulo ne. Wannan bangon ya girmi kakarka. Ka ɗora masa dekin, zai tsuguna. Ka tsaga shi don ka sa ginshiƙi, zai buɗe. Kuma daidai nan," ya ƙwanƙwasa, "kan gadon Doña Targelia ne."

"To mu kwana a kicin har mu mutu?"

"A'a. Bayan tsakar gida akwai wuri. Ɗakin katako, marar nauyi. Ni zan zana kyauta, ni zan kai takardun. Wata huɗu, ko biyar."

"Wata biyar." Eudomar ya yi wata irin dariya. "'Yata ƙarama ta fara ce min kawu a waya."

"Na fahimta."

"Ba ka fahimci komai ba, ɗan gata. Kana son ƙanwata ko ba ka so?"

"Ina sonta. Shi ya sa ba zan sa hannu ba. Sunanta ne a gidan."

Ban ga lokacin da Eudomar ya tsallake tebur ba. Sai ganinsa na yi ya shaƙe wuyan kwat ɗin Efraín ya haɗa shi da bango, har ƙasa ta zubo musu a ka. Maɓalli biyu suka faɗi. Na ɗauki tulun ruwan lemo na watsa masa a fuska, na shiga tsakaninsu.

Na ce, "Sake shi. A gidana kake."

Ya sake shi. Ya goge fuska da rigarsa, ya maimaita a hankali, "Gidanki." Ya fita.

Efraín ya tsinci maɓallansa, ya yi wa Mami godiyar abinci, ya tafi. Ƙofa na rufuwa Mami ta ce, "Ko wannan ma kin kasa. Karatunki bai kawo ɗaki ba, fuskarki ma ba ta kawo ba."

Da yamma ya rubuto.

"Ba ni da fushi da ke. Amma na ga buhunan siminti a bayan tsofaffin ƙofofin nan. Sun fi talatin."

"Na daɓen bandaki ne. Ni na yarda."

"Bandaki nawa ne a gidan, Injiniya?"

Na karanta, na ajiye wayar. Na sani, masu karatu, na sani. Buhu huɗu na yarda a saya, ban kuma taɓa leƙa bayan ƙofofin ba. Girman kai ne ya hana ni: na ɗauka tunda na ce a'a, an gama magana.

Lahadi da sassafe Mami ta tashe ni da murya mai laushi, ta ce ƙafarta na ciwo, in raka ta coci, amma ba ta unguwarmu ba, wadda ke can hayin kogi, wai limamin can ya fi iya huɗuba. Ta sa farar rigarta mai leshi da baƙin gyale. Eudomar yana kwance a kicin ya juya mana baya. Bayan an tashi ta ce mu shiga kasuwa. Ta taya albasa a wuri uku. Ta zauna ta ce sai mun ci dafaffiyar masara da ƙwai. Tana riƙe da hannuna kamar za a sace ni.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura wayata ta yi ƙara. Doña Targelia ce.

"Yarinya, aljanu ne a kan rufinki ko 'yan ƙasarku ne? Ƙasa tana zubo min a kofi."

Na dubi Mami. Ba ta ko sunkuyar da kai ba.

Ta ce, "Bar su su gama. In an zuba, an zuba. Babu hukumar da ke kwashe siminti bayan ya bushe. Za su yi surutu su gaji, kamar a gida."

"Nan ba gida ba ne, Mami."

Ta kama igiyar jakata. Na zare hannuna daga ciki na bar mata jakar, waya kaɗai na ɗauka. A cikin tasi na rubuta wa Efraín kalma biyu: "Sun fara." Ya amso, "Ga ni nan. Kada ki shiga sai na zo."

Na shiga.

Tun daga bakin layi nake jin kiɗa. Koriyar ƙofata a buɗe take warwar, an tokare ta da buhun yashi. A tsakar gidana an hura wutar itace a kan dutse, tukunyar miya tana tafasa, bokitin giya a gefe. Tukwanen furannina an jibge su a lungu, uku sun fashe. Maza takwas, duk 'yan gida, wasu na san su a layin aika kuɗi, wani ma na taɓa samo masa aiki. Sun sauke rabin rufin. Jan tayal ɗin da ya shekara ɗari a sama yana zube a ƙasa kamar fasassun kwanuka, azara tsirara, sama a buɗe. Eudomar kuwa babu riga, babbar guduma a hannu, ya riga ya tsaga bangon gabas daga sama har ƙugu, wurin da zai sa ginshiƙi.

Na fizge wayar lasifika. Kiɗan ya katse.

Wani mai hula ja ya ce, "Ga uwar gida. A zuba mata miya."

Na ce, "Wa ke da takardar zama mai kyau a cikinku? Ya ɗaga hannu. Don in 'yan sanda suka zo, ita za su fara tambaya, ba miya ba."

Babu wanda ya ɗaga. Biyu suka ajiye shebur.

Eudomar ya ce, "Ku ci gaba. Haushi take yi, ba ta cizo."

Na taka kan yashi na je na jingina bayana da tsagar. Ina jin sanyin ƙasar ta cikin rigata.

"Yaya, ajiye gudumar. Akwai tsohuwa a bayan nan."

"Matsa."

"Azarar nan a kan wurin da ka tsaga take zaune. Dubi sama. Ka iya gini, ka san abin da nake faɗi."

Bai duba ba. "Na ce ki matsa, Dubraska. Kin kawo mu ƙasar mutane kin ajiye ni kusa da murhu kamar kare."

"Na kawo ka ne don ka rayu."

"Na gode, hajiyar gida."

Ya kama gashina. Tun muna yara bai taɓa ni ba, shi ya sa jikina bai yarda ba sai da na ji ƙafata ta bar ƙasa. Ya ja ni ya wurgar. Girata ta haɗu da bakin baro. Na ji ƙarar kafin na ji zafin, sannan jini ya rufe min ido ɗaya. Na tashi. Na koma wurin bangon, ina dafa baro, na sake jingina.

Mai jar hula ya ce, "Haba, Eudomar, ƙanwarka ce fa."

"To ka zo ka ɗauke ta."

Babu wanda ya zo. Ya mare ni da bayan hannu, na faɗi a kan gwiwa, ya sa takalmin aikinsa mai ƙarfe a baki ya ture ni a haƙarƙari. Numfashina ya ɗauke. Ina kwance a kan yashi ina kallon tukunyar miya tana tafasa abinta. Abin da na yi tunani a lokacin, ku yi dariya in kun so: ashe sun yi amfani da babban cokalina na katako.

Eudomar ya ɗaga guduma. A daidai lokacin Efraín ya shigo da gudu, babu kwat, rigarsa a waje. Bai iya faɗa ba, wannan kowa ya gani. Ya kama ƙotar gudumar da hannu biyu daga baya, suka yi ta juyi a kan tsakuwa. Eudomar ya buga masa kai a hanci. Efraín bai saki ba. Eudomar ya sake buga masa. Efraín ya saki, ya yi taga-taga, sai ya miƙa hannunsa na dama ya ɗora a kan tsagar, kamar yadda ya ɗora jiya.

Ya ce, jini na bin haɓarsa, "Sai dai ka bi ta nan."

Na yarda Eudomar ya ɗauka zai janye. Ina so in yarda. Gudumar ta sauka.

Ba zan rubuta muku ƙarar ba. Efraín bai yi ihu ba, ya dai zauna a ƙasa ya rungume hannun a ƙirji, fuskarsa ta koma kalar toka. Bangon ne ya yi magana. Ya yi wani gurnani daga ciki, ƙura ta fito ta tsagar, azarar ta zame daga mazauninta. Sai babban yanki, daga tsagar zuwa kusurwa, ya kwanta ciki, wajen ɗakin Doña Targelia.

Kafin ƙurar ta lafa, maza takwas sun zama babu. Har mai jar hula. Sun bar shebur, sun bar giya.

Na rarrafa na shiga ta ramin. Gadonta ya ɓace a ƙarƙashin ƙasa, azarar ta gicciye a kai. Ina kiran sunanta ina tari. Sai na ji ta daga tsakanin gado da kabad.

"Daina ihu, ban kurumce ba. Ƙafata ce."

Allah ya sa ta tashi ɗauko tsintsiya don share ƙasar da ke zubo mata. Bakin azarar ya danne mata ƙwauri, zanenta ya jiƙe da jini. Na sa kafaɗa na kasa ɗagawa, haƙarƙarina ya ƙi. Sai ga Eudomar a bayana. Ya ɗaga azarar shi kaɗai, jijiyoyin wuyansa kamar za su tsinke, na janyo ta. Na ɗaure ƙafar da rigar matashi.

Ta dube ni, ƙura har a gashin idonta, ta ce, "Shekara sittin baƙi suna shigo min ta ƙofa. Ku kuwa sai ta bango."

Na ciro waya zan kira lambar agajin gaggawa. Eudomar ya durƙusa a gabana.

"Dubraska. Ƙanwata. Kada ki kira. Mu sa su a tasi. Kin san takardata ta ƙare."

"Na sani."

"Za su mayar da ni. Ko su kulle ni."

"Ƙafarta ba za ta shiga tasi ba. Hannunsa ma haka."

Na kira. Da bakina na faɗi sunan layinmu da lambar gidana, na ce bango ya faɗi, mutum biyu sun ji rauni, an yi aiki babu izini. Mai amsa wayar ta ce in maimaita na ƙarshen. Na maimaita.

Motar asibiti ta fara zuwa, sai 'yan sanda biyu, sai wata mata daga hukumar gari da rigar aiki mai ruwan ɗorawa da allon rubutu. Maƙwabta sun cika layi. Da za a wuce da Efraín na bi gefen gadon. An naɗe hannun, ya zama kamar dami.

Ya ce, "Na ce kada ki shiga."

"Na ce ka bar biro a gida, ba ka ji ba. Mun yi daidai."

Ya so ya yi murmushi, hancin ya hana. Aka rufe motar.

A lokacin Mami ta iso, da jakata a kafaɗa da ledar albasa a hannu. Ta dubi rufin, ta dubi ramin, ta dubi ɗanta zaune a kan buhun siminti ɗan sanda na tsaye a kansa. Ni ce ta ƙarshe da ta duba. Ba ta tambayi jinin ba.

Matar hukuma ta ce, "Wace ce mai gidan?"

"Ni ce."

"Wa ya ba da umarnin wannan aiki?"

Kafin in buɗe baki Mami ta matso, ta gyara gyalenta, ta yi muryar da take yi wa limami.

"Ita ce, ranki ya daɗe. Injiniya ce, ita ta yi lissafin. Ɗana lebura ne kawai, abin da aka ce masa shi ya yi. Raunin nan kuma faɗuwa suka yi, ita da saurayin nata."

Matar ta juyo gare ni, biro a kan takarda.

"Haka ne?"

Na san abin da "e" za ta jawo. Rajistar da na shekara bakwai ina jira za ta mutu a wurin, don babu mai ba wa injiniyar da ta rusa bango a kan tsohuwa izinin aiki. Gidan kuma zai tafi da ita. Na kuma san abin da "a'a" za ta jawo wa yara biyu da ke Maracaibo. Mami tana kallona, leɓenta na motsi babu sauti. Eudomar ya rufe fuska da hannu.

Na tofar da jinin da ya taru min a baki.

"Ba haka ba ne. Na hana da baki, na hana a rubuce, na hana da jikina. Ga shaida a fuskata. Wanda ya tsaga bangon, ya fasa hannun mai zane, sunansa Eudomar. Yayana ne. Ki rubuta kuma cewa shi ya ɗaga azarar daga kan tsohuwar."

Ta rubuta duka. Aka sa masa ankwa. Bai yi gardama ba, bai kuma dube ni ba. Mami ta bi motar da gudu har kwana, albasa na zuba a titi.

Matar hukuma ta ciro faffaɗar takarda mai jan rubutu, wadda ake mannawa a ƙofa. Sannan ta ɗaga kai sama. Hadari ya haɗo daga kan duwatsu, baƙi ƙirin, irin wanda ke sauka bayan azahar ba ya sallama.

Ta ce, "Dole in rufe gidan, kin sani. Sauran magana ranar Litinin, a ofis. Amma in ruwa ya shiga kan bangon nan a buɗe, kafin gobe babu abin da za a yi shari'a a kansa, naki da nata duka za su narke. Cike takardun nan zai ɗauke ni minti arba'in. Ba na sauri."

Na gane. Mutanen sun bar tampol biyu da suka shimfiɗa don kwaɓa siminti. Na kakkaɓe su, na naɗe, na ɗaura a baya da igiya. Na jingina tsani a bangon kicin. A matakin farko haƙarƙarina ya ce ba zai iya ba, na ce masa ba shawara nake nema ba. A mataki na biyar tsanin ya fara zamewa a kan tsakuwa. Ɗigon farko ya faɗo min a wuya.

Sai tsanin ya tsaya cak. Na leƙa ƙasa da idona mai gani. Mami ce, gyalenta ya faɗi, farar rigar ta yi ƙura, ta riƙe ƙafafun tsanin da hannu biyu. Ba ni take kallo ba, bango take kallo.

Ta ce, "Hau ki rufe. In kin sauko, ki je ki ce musu ƙarya kika yi, ki fito min da ɗana. In ba haka ba, ki nemi wata uwar."

Ruwan ya fara sauka da gaske, ina jin ƙamshin ƙasar bangon tana jiƙewa.

Na ce, "Riƙe da kyau, Mami."

Na ɗora ƙafa a mataki na shida.